Irin Gero a Bayan Keke

Shekarun baya, tun 'yan kabu-kabu ba su cika mana hanya da hayaƙi ba, ni ma na taɓa zama mai keke, kuma a lokacin in ka ce mini akwai wanda ya fi ni a faɗin ƙasar Gobir sai mu ɓata. Wani baƙin keke ne mai kariyar ɗaukar kaya a baya, yayana ya bar mini da zai tafi cin rani. Ya sha jiki, birkin baya ma sai an taimaka masa da ƙafa, amma kullum sai na goge shi da tsumma har wayoyin tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata takan ce da ina wanke jikina yadda nake wanke keken nan, da tuni an ba ni mata.

Ƙauyenmu yana gefen Unguwar Lalle, kuma akwai wani tafki a kudu da mu wanda siririyar hanyar ƙafa ta zagaye shi. Nan ne filin wasana. Da na dawo daga gona sai in haye in nufi can, ba aike ba saƙo. Babu mota, babu hayaniya, sai ƙarar sarƙa da balbelu da ke tashi in na matso. Na san inda rairayi yake kama taya, na san inda saiwar tsamiya ta ratsa hanya, na san gangarar da nake ɗage ƙafa daga feda in bar iska ta cika mini riga. Tsofaffin garinmu sun gaji da ni, suna cewa yaron nan ya zagaye tafkin nan fiye da yadda jaki yake zagaye turke. Ni kuwa ko a jikina.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero bai kai ga fitar da kai ba. Rumbunmu ya ƙare, aka koma cin tafasa da ganyen da ban taɓa sanin ana ci ba. Daga ƙarshe har irin da mahaifina ya ajiye a tukunya ya liƙe bakinta da laka, sai da aka fasa aka daka. Ranar bai ci ba, ya ce cikinsa ne yake damunsa, duk mun san ba haka ba ne.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, masu sauran iri suka fita binne. Ga waɗanda ba su sani ba, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, ya kwanta yana jira, ruwan farko na sauka ya tashi. Mu kuwa gona a share, babu abin da za mu zuba mata. Ana haka kawuna da ke wani ƙauye wajen Bafarawa ya aiko cewa ya rage mana wani abu, a zo a ɗauka.

Mahaifina ya kira ni ya ce, “To mai keke, yau dai yawonka za shi yi rana. Tahi ka ɗauko.”

Na fita da sanyin safiya, kafin hantsi ya yi ƙarfi na isa. Kawuna ya shiga ɗaki ya fito da ɗan ƙullin buhu, ya ɗaure shi a kariya da kansa, ya rufe da tsohon bargo don kada idon mutane ya kai. Ya ce, “Wanga shi na shekararku gaba ɗai. Babu wani bayanshi, ko gare ni.”

Na ce, “Kawu, kak ka damu. Hanyag ga ko ido ruhe ni san ta.”

A dawowa rana ta take, ƙishirwa ta kama ni, cinyoyina suka fara rawa. Da na iso tafkin sai na tsaya ina kallonsa. Ruwan ya janye can tsakiya ya zama ɗan kududdufi, sauran duk ƙasa ce fara ta tsattsage. In na bi hanyata ta kullum sai na yi dogon zagaye, in kuwa na ratsa, ga itatuwan garinmu can ina hangowa. Ga kuma sawun awaki ya miƙe ta ciki ɗoɗar. Na ce ai inda dabba ta bi keke ma zai bi, na kunna kai.

Da farko daɗi ne kawai, tayar tana gudu kamar a kan daɓe, har na fara yabon kaina. Ban ankara ba sai tayar gaba ta nutse. Na wuntsila ta saman kan keken na faɗa, ƙasar ta fashe da ni, ashe ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashi baƙar laka ce mai ruwa. Na yunƙura in tashi na ƙara nutsewa har cinya. Da na waiga sai na ga keken ya kwanta, buhun yana cikin ruwan laka. Wallahi ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron fuskar mahaifina. Iri in ya sha ruwa ya kumbura, tsiro zai yi, in kuwa ya tsira a buhu ko a busasshiyar ƙasa, ya mutu ke nan.

Sai na ji murya daga gefe. “Kai samari, bar motsi! Kwanta bisa cikinka!”

Wani dattijon Bafulatani ne, dogo, duk ya rame, ashe yana can bakin gaɓa yana tonon rami don nemo wa shanunsa ruwa. Ya tako a hankali yana gwada ƙasa da sandarsa, ya jefo mini igiya. Na ce ya fara jan keken. Ya ce, “Keke na da uwa? Kama igiya.” Sai da ya fitar da ni, sannan muka maƙala igiyar a sirdi muka jawo keken tare.

Ya dube ni sama da ƙasa, baƙi ƙirin da laka, ya ce, “Sawun awaki kab bi ko? Akuya ba ta da nauyi. Ba ka ga inda sawun shanu yat tsaya ba? Inda saniya taƙ ƙi takawa, mutum ba ya takawa.”

Ni da nake cewa na san tafkin nan ido rufe, ashe gefensa kaɗai na sani.

Ya nuna buhun da sanda ya ce, “Mi ke ciki?”

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Na dubi ramarsa, na tuna shekarar da muke ciki, zuciyata ta ce in ya san hatsi ne zai nemi rabonsa. Sai na ce, “Kanwa ce, Baffa.” Ku dubi wautar, duk ƙaryar duniya na rasa wadda zan yi wa makiyayi sai ta abin da shanunsa suke lasa.

Ya matso kusa da buhun. Ya durƙusa ya tsince wasu ƙwayoyi da suka zubo ta kusurwar buhun, ya murza su a tafin hannu, ya ce, “Iri ne. Tashi maza, in yak kwana da lema kun yi hasara.”

Rugarsu tana bayan wasu itatuwan gawo, bukka biyu ce da shanu goma sha wani abu, duk ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya yi wa matarsa magana da Fulatanci, ta fito da tabarma da faifai da ƙwarya. Ta ɗauraye geron da ɗan ruwan da suka sha wahalar tonowa, ta tsane shi, ta baza a rana siriri, ta barbaɗa toka tana juyawa da hannu. Shi kuma ya zauna da sanda yana korar kaji biyun da suka rage musu. Ni ina gefe ina cire laka daga sarƙa da tsinke, amma rabin idona yana kan tabarmar, ba zan ɓoye muku ba. Na lura babu hayaƙi a murhunsu, tukunyar ma a kife take. Matar nan ta yini tana juya hatsi da hannunta, ko ƙwaya ɗaya ba ta kai baki ba. Da iska ta watsar da kaɗan, sai da ta bi ta tsince ta mayar.

Wajen la'asar dattijon ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya danna da farce, ya ce ya bushe. Aka mayar a buhu. Kunya ta gama rufe ni, na ɗauki ƙwaryarsu na cika, na miƙa masa. Ya mayar da hannuna.

Ya ce, “In ni amsa, yau mu ci, gobe ya ƙare. Kai shi gona. In Allah ya sa yay yi, ka ce ma babanka ya bar min kara, in kawo shanuna su ci.”

Na bi hanyar gaɓa na koma, a hankali, ina sauka in tura duk inda na ga rairayi. Na faɗa wa mahaifina komai, har da ƙaryar. Bai zage ni ba, ya dai ce, “Ka ji abin da yac ce ko? Kak ka manta, ko ni na manta.” Washegari muka yi binne. Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka.

Daminar ba ta cika ba, amma mun samu abin da ya riƙe mu. Da kaka ta yi kowa ya sare karansa ya kai gida, don a shekarar kara ma dukiya ne. Namu mahaifina ya ce ko ɗaya kada a taɓa. Maƙwabta suka yi ta magana, ya toshe kunne. Ni kuma kullum ina kan keke ina zagaye tafkin, wannan karon da dalili, amma rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

Sai wata safiya na hango shi a bakin gonarmu, ya jingina da sandarsa. Shanu biyu ne a gabansa. Bayan mun gaisa na ce, “Baffa, ina sauran?”

Ya ce, “Waɗanga su sunka iya jira.”

Na gane yunwa ta kashe sauran, na tsaya riƙe da keke ina kallon shanun suna cin kara.

Yanzu na tsufa, gwiwa ba ta yarda da feda, kuma na ga alheri iri-iri a rayuwata. Mutane da yawa sun ba ni, na gode musu. Amma in na zauna ina tuna waɗanda suka yi mini rana, mutumin nan da matarsa ne suke fara zuwa. Da yunwa a cikinsu suka yini da hatsina a hannu, bayan na yi musu ƙarya, suka mayar mini da shi cif. Ban taɓa tambayar sunansa ba, don haka in na ɗaga hannu sai dai in ce, “Allah, Ka san shi.”