Jinin da Ƙuda Bai Bi Ba

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Tun kaina bai kai tsayin teburin babana a kasuwar Gumel ba nake cikin jini, ga shi yau furfura ta cim mini ina ciki. Boko aji huɗu na yi, aka ce in zo in riƙe ƙafar akuya, na zo, ban koma ba. To mutum irina ne aka miƙa wa waya aka ce ya duba fim, ya faɗi ko ya dace yara su kalla. Tun daga nan aka ɓata lissafi.

Wata Juma'a ce, bara. Na dawo daga masallaci gwiwoyina na ciwo, don jiya Alhamis na wuni a tsaye a kara, kasuwar dabbobin Maigatari, ina jayayya da dillalai. Ba abin da nake so sai tabarma. Ina shiga na tarar da mai ɗakina riƙe da wayar yarona, shi kuma ya turo baki kamar an ƙwace masa gado. Shekararsa goma sha biyar. Ya je shagon masu tura finafinai an cika masa waya.

Ta ce, "Maigida, ga shari'a ta same ka. Ina kicin na ji ihu daga wayar nan kamar ana fiɗar mutum da rai. Na ce ba mai kallo sai ka gani."

Yaron ya ce, "Baba, wallahi na ban dariya ne. Duk 'yan ajinmu sun kalla."

Na ce, "'Yan ajinku in sun faɗa rijiya sai ka bi su? Miƙo nan."

Na koma zaure na kishingiɗa na kunna. Fim ɗin Turawa ne da aka yi wa fassarar Hausa, mai fassarar kuwa shaƙiyyi ne, ko kare ya gifta sai ya sa masa magana a baki. Labarin wasu 'yan makarantar kwana ne, samari da 'yan mata marasa jin magana, da wani ƙaton mutum mai tumbi da ke kawo nama kicin ɗin makarantar. Ya ɗaura walki, yana yawo da barandami. Yaran suka yi ta tsokanarsa, shi kuma ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kama sai ya sare shi yana ƙyaƙyata dariya.

Ni abin da na zauna nema uku ne: tsiraici, rungume-rungume, da ashar. Akwai wata 'yar rawa da ban so ba, na riƙe wurin a raina don in ce a tsallake. Sauran kuwa, jama'a, ban san sanda na tashi zaune ba.

Mutumin nan bai iya aiki ba. Ya riƙe barandami kamar mace ta riƙe taɓarya. Sara ɗaya ya yi wa hannun wani yaro, a tsakiyar ƙashi, hannun ya faɗi kamar rake. Ƙafar ɗan akuya ma in ba ka bi gaɓa ba sai ka wahala. Hanjin da ya zaro kuwa tiyon ban ruwa ne, na rantse. Sai jinin. Ja wur kamar zoɓo, yana feshi har rufin ɗaki, bai daskare ba, bai yi duhu ba. Aka nuna wurin da safe, aka nuna shi da yamma, yana nan sabo fil. Kuma ƙuda ko ɗaya babu. Jini a ƙasa wuni guda ba ƙuda? A kwatarmu, inda muke yanka, kafin ka ɗaga wuƙa sun riga ka zuwa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Na shiga gida na ce, "Ba komai a ciki. Ƙarya ce zalla. A tsallake rawar nan kawai."

Mai ɗakina ta ce, "Har da auta?"

Na ce, "Auta 'yar mahauci ce. Jini nawa ta gani a gidan nan?"

Ta dube ni, ta ce, "To, kai ne alƙali," ta koma kan tukunyarta.

Bari in faɗi yadda muke da autar nan, don a san abin da na yi wasa da shi. Shekararta takwas a lokacin. Kullum bayan la'asar in na dawo daga kasuwa, tun ina jingine babur take fitowa da gudu ta karɓi ƙunshin nama. In na zauna wasa wuƙaƙena, ita ce mai riƙe buta tana ɗiga mini ruwa a kan dutse, tana ba ni labarin wanda ya daki wa a islamiyya. Ladanta ɗan yankin hanta a gashe. Ni ba mai yawan fara'a ba ne, ko a kasuwa an san ni da haka. Wannan ɗan zaman shi ne hutuna a duniya.

Ranar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka jingina waya da kwano. Da ma a ce na tafi majalisa. Ina! Zama na yi a tsakiyarsu ina sharhi. "Ku dubi riƙon wuƙa! Kai, wannan ko yaron shago ba zan ɗauke shi ba." Duk sara sai na kece da dariya, yarona yana taya ni, har da buga ƙafa. Auta tana gefe ta cusa kai a cinyar uwarta, ido ɗaya a waje. Na ɗauka barci take ji.

Asabar na dawo, na jingine babur, ba wanda ya fito. Na zauna da dutse na kira ta, aka ce tana maƙwabta. Lahadi ma haka. Litinin na shigo da wuri na same ta tana wasan 'yar tsana a bakin rijiya. Tana ganina da jakar wuƙaƙe a kafaɗa, rigata da ɗigon jini kamar kullum, sai ta miƙe a hankali, ta ja da baya, ta shige bayan randa. Da aka zuba tuwo kuma na ga tana tsince nama daga miya tana turawa gefen kwano.

Na ce da uwarta, "Yarinyar nan zazzaɓi ne? A kai ta kemis mana."

Ta ce, "Zazzaɓin da ka sa mata ne. Jiya tambayata ta yi wai in ta ƙi jin magana me za ka yi mata."

Na ce, "Ni? Ni da ko tsawa ban taɓa yi mata ba?"

Ta ce, "Mai tumbi, mai kawo nama, mai wuƙa. Wa ka ga ya yi kama da shi a unguwar nan?"

Na dubi cikina.

Gyaran farko da na yi, ɓarna na ƙara. Na sa aka kamo ta aka zaunar a gabana, na ce, "Auta, saurara. Abin nan duk ƙarya ne. Jinin gaske ba haka yake ba. In ka yanka wuya, da farko yakan yi tsartuwa sau biyu ko uku, sannan ya riƙa bulbulowa, jikin yana shure-shure..." Ban kai ƙarshe ba ta fizge ta yi ɗaki.

Mai ɗakina ta tafa hannu ta ce, "Sannu, likita. Allah ya ƙara basira."

Gyara na biyu dabarar yarona ce, don shi ma jikinsa ya yi sanyi. Aka dafa zoɓo mai kauri, ya kwanta a tabarma ya zaro harshe, uwar ta kwarara masa a wuya, ya tashi yana lashewa yana cewa a ƙara sukari. Auta ta yi 'yar dariya daga bakin ƙofa. Na ji daɗi, na miƙa mata hannu. Dariyar ta ɗauke, ta koma ciki.

Daga nan na daina kawo wuƙaƙe gida. Wuƙaƙen nan biyu daga ciki na babana ne, tunda ya rasu ba su taɓa kwana a wani wuri ba sai ƙarƙashin gadona. Na bar su a akwatin abokin sana'ata a kasuwa. Na kuma riƙa wanka a can, in sauya riga kafin in hau babur. Mahauta suka samu abin yi. "Ango, ina za a je da ƙamshin sabulu?" Na ƙyale su. Kwana goma ina shiga gida fes kamar ma'aikacin sakatariya, yarinya tana gaishe ni daga nesa, "Baba sannu da zuwa," kamar baƙon da ya zo daga Gagarawa. Wallahi gara a ce ta yi mini rashin kunya.

Ana nan sai matar maƙwabcinmu ta haifi tagwaye. Ranar suna raguna biyu aka ɗaure, kuma ba wanda za a kira sai ni. Da hantsi na je da wuƙaƙena. Mata sun cika cikin gida ana ɗora tukwane, mai ɗakina tana cikinsu, yara kuma sun yi cirko-cirko a kan katanga.

Na yi aikina yadda na saba, ban ma yi tunani ba. Na zaga bayan rumbu na wasa wuƙa, don ba a wasa ta dabba tana kallo. Na sa aka ba ragon farko ruwa. Na ce da samarin gidan, "Ku ja ɗayan can bayan katanga, kar ya gani." Wani ya ce ai rago ne, me ya sani. Na ce, "In ka fi ni sani karɓi wuƙar." Aka ja shi. Na zo da wuƙa a ɓoye a bayana, muka kwantar da shi ya fuskanci alƙibla, na shafa wuyansa, na yi bisimilla. Kafin a kawo na biyu sai da na sa aka rufe jinin da ƙasa. Haka babana ya koya mini, da mari ma ya koya mini.

Da azahar ina zaune a tsakar gidana ina cin tuwon suna, mai ɗakina tana tankaɗe a gefe, sai na ji murya daga bayan turmi.

"Baba."

Na ce, "Na'am, auta." Ban ɗaga kai ba, kar in kore ta.

"Me ya sa aka kai ɗaya ragon bayan katanga?"

Ashe tana cikin 'yan kan katanga. Na ce, "Don kar ya ga ana yanka ɗan'uwansa. Tsoro zai shige shi. Ba kyau."

Mai ɗakina ba ta daina tankaɗe ba, ta ce, "Uhm. Rago ma ana kawar masa da kai."

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano. Shekara nawa ina zagin samari a kan dabba ta ga jinin 'yar'uwarta, ni kuma na jingina waya da kwano na zaunar da 'yata a gaba.

Auta ta ce, "Kuma ba ka yi dariya ba."

"Yaushe?"

"Da kana yankawa. Na duba bakinka."

Na ce, "Ba a dariya a wurin yanka. Rai ne."

"To ai ka yi a fim. Kai da mutumin tare kuke yi."

Na buɗe baki zan ce riƙon wuƙarsa nake yi wa dariya, sai na ga idon uwarta a kaina ta saman rariya. Na haɗiye. Na ce, "Na yi wauta, auta. Babanki ya yi wauta. Bai kamata in yi ba, bai kamata ki gani ba."

Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa irin wannan magana ba, kuma ba ta yi mini daɗi a baki ba. Ita dai ta ci gaba da kankare gefen turmi da farce.

Wuƙaƙen suna gida ranar, tunda daga wurin suna na wuto da su. Bayan la'asar na ɗauko dutse na zauna, ban kira kowa ba. Na tofa yawu a kan dutsen na fara. Can sai na ga ƙafafu biyu da buta. Ta tsaya nesa, iya tsawon hannunta, ta karkata butar. Rabin ruwan a wandona ya zube. Na ci gaba da wasa wuƙata. Ta sake zubawa, wannan karon ya sami dutsen. Sai ta ce wai wata 'yar ajinsu ta zo islamiyya da takalmi wari da wari.

Nama kam sai da aka kusa wata biyu kafin ta koma ci, da hanta ta fara.

Maganar fim kuwa an sauke ni daga kujera, mai ɗakina ce alƙaliya yanzu, ban kuma ɗaukaka ƙara ba. Yarona har gobe yana cewa fim ɗin ba komai, shi bai ji tsoro ba. Wataƙila gaskiyarsa, ƙato ne, in ya ga dama ya je zaure ya kalla shi kaɗai. Kwanaki wani abokina a kasuwa ya miƙo mini waya wai in duba masa wani irinsa kafin 'ya'yansa su gani. Na ce ya kai wa mai shayi, ko tela, ko duk wanda in ya ga jini yake kau da kai. Ni ƙuda kawai zan tsaya nema.