Rigar tsohon gindin kuka

Jama'a, yau na yi sallar gawa da rigar mamacin a jikina!

Da safe na hau keke daga Lamashegu, na bi hanyar ƙauyuka. Akwai wani tsoho a gindin kuka, kullum ina ɗaga masa hannu in wuce. Ban taɓa tsayawa ba.

Yau bencinsa babu kowa. Sai ɗansa ya tare ni. "Mai keke, sauka. Baba ya rasu da asuba. Jiya ma ya tambaye ka."

Innalillahi! Ya ce in zo sallar gawa. Na ce, "Ɗan'uwa, gajeren wando ne a jikina."

Ya ɗauko doguwar rigar Baba. Na saka, na yi alwala, na shiga sahu.

Sai a addu'ar liman na fara jin sunansa. Yakubu.