Mazarin Inna da Kan Harsashin Igwa

Ƙanena ya dawo daga yaƙin basasa da kunne ɗaya a toshe. Ni na tarye shi a tashar Birnin Kudu, muka hau motar kasuwa zuwa Gwaram, daga nan muka taka zuwa gida a Zandam. Sojan igwa ne. Aikinsa ɗaura wa harsashi kai kafin a ɗura shi a igwa.

Inna, mahaifiyarmu, kaɗi ne sana'arta. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma, ta jawo taskirar auduga, ta shafa alli a yatsa, sannan ta murza mazari. Tun ranar da ya tafi take tara masa zare, wai na rigar da za a saƙa masa in ya dawo.

Ranar da ta fara murza mazari a gabansa, ya ajiye kwanon fura ya fita. Washegari ma haka. Daga baya ya naɗe tabarmarsa ya koma bukkar gona, ya kuma fara zancen tafiya Kano aikin gadi. Inna kuwa ta rage cin abinci.

Ni ba na son raini ga iyaye. Na same shi a gona, na tsaya ta wajen kunnensa mai ji, na ce, "Soja, a bariki aka koya maka uwa na zaune ka tashi ka ba ta ƙeya?"

Ya ce, "Yaya, zauna. Kai mai son abu bi da bi ne, bari in jero maka."

Ya ɗauki karan dawa ya zana a ƙasa. Ya ce harsashin igwa ba ya fashewa da kansa, sai da ɗan kan nan da ake murɗa masa a hanci, wanda suke kira fis. A cikinsa akwai allura da ɗan albarushi mai saurin kamawa, amma an raba su, an datse da sakata biyu. Ko ya suɓuce daga mota ba ya tashi, barci yake. In aka harba, bugun igwar ya zare sakata ta farko. Cikin bakin igwar kuwa a murɗe yake, don haka harsashin yakan fita yana juyi, juyin nan shi ke buɗe ta biyu. Sai allura ta daidaita da albarushi. Daga nan ya farka, abin da ya taɓa shi ke nan. Wani ma agogo ne a cikinsa, tun a sama yake fashewa.

Na ce, "Na ji. Ina ruwan Inna?"

Ya ce wata rana wani harsashi ya farka da wuri, yana barin bakin igwar da ke kusa da tasu. Mutanen da suka ci abinci tare da safe, a bargo aka tattara su. Tun daga ranar, in ya ga abu mai tsini yana juyi, sai ya tsaya yana jiran ƙara.

"Na san mazari ne, Yaya. Jikina ne bai sani ba."

Na koma na jera wa Inna kamar yadda ya jera mini. Ta yi dariya kaɗan, ta ce, "Yanzu ɗan mazarin nan nawa ne ya kori sojan gwamnati?" Sai dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon taskirar, sannan ta ɗauka ta shiga ɗaki.

Ba ta ƙara kaɗi ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙa suna ta ajiye aiki. In maƙwabta suka tambaya, sai ta ce, "Wa zai sayi zarena yanzu?" Suka yarda. Ni kuwa ina ganinta bayan la'asar, hannu a cinya, babban yatsa yana murza iska.

Ƙanena ya dawo cikin gida, bai tafi Kano ba. Ya yi noma, ya yi aure, kullum shi ke kai mata itace. Zaren bai kai riga ba, ba a kuwa saƙa ta ba.

Bayan rasuwarta, muna fitar da kayan ɗakinta, ya ci karo da taskirar a cikin wata tsohuwar tukunya. Zaren ya yi ja, allin ya marmashe. Na miƙa hannu in karɓa, ya hana. Ya durƙusa, ya kafa mazarin a ƙasa, ya murza. Gumi ya keto masa, amma bai kau da ido ba har mazarin ya gaji ya kwanta.

Ya ce, "Da na gwada tun tana nan."

Na koma ta wajen kunnensa mai ji, na zauna.