Ƙanƙarar da Aka Kai Gidan Makokin Dakta Bahijja

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Da hantsin Laraba 9 ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran Dakta Bahijja Daudu a gidan mahaifiyarta da ke Gwiwa, bayan gajeruwar jinya. Ni Rilwanu, taubashinta, mahaifiyarta Goggo Tasalla ƙanwar mahaifina ce. Tun muna yara tsiya ce tsakaninmu, shi ya sa ko yau ban iya yi mata magana da ladabin malamai ba.

Bahijja, ni na raɗa miki suna Dakta Tumbi, kuma ban janye ba. Duk ranar kasuwar Gwiwa, in kin zo gida daga jami'a, sai a gan ki a mahauta da safar hannu da 'yan kwalabe, kina ɗibar ruwan tumbin shanun da aka yanka. Na ce miki duk karatun nan a nan ya ƙare? Kika yi dariya, kika zaunar da ni a kan benci. Kika ce a cikin tumbin akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar wa saniya ciyawa. Kowace tana da ɗan injin da ke haɗa mata furotin, sunansa ribosom, kuma ƙashin bayansa wani zare ne da ake kira RNA. Zaren nan a hankali yake sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, don haka wanda ya karanta shi, ya duba yadda ya naɗe, zai gane wa ya haɗa asali da wa.

"Kamar yadda Baffa ke duban karsana ya faɗi uwarta da kakarta," in ji ki. A ranar na gane sana'ar mahaifinki makiyayi kika riƙe, garken ne kawai ya ƙanƙance.

Hannunki a buɗe yake. Mahautan da kika koya wa gane hanta mai cuta suna nan suna faɗa. 'Yan matan Roni da Babura da kika tsaya wa har suka shiga ajin kimiyya sun zo jana'izarki, kuka ya hana su gaisuwa.

Zuwanki na ƙarshe kafin jinyar, a guje kike magana. Kin ce kina zaton kin ga wani naɗi a zaren halittun tumbin shanunmu wanda bai yi kama da na sauran ba, kuma kwalaben da kika tara a firizar Goggo ne za su tabbatar. Kika gargaɗe mu cewa zaren nan ba ya jure zafi, da ya ɗumama ya lalace.

Washegarin binne ki batirin solar da ke ba firizar wuta ya mutu, ga Afrilu tana tafasa. Goggo ce ta lura firiza ta yi shiru. Ta fito tsakar gida, carbi a hannunta, ta ce da ni: "Ɗan nan, ni ban san abin da ke ciki ba, amma ta ce kar ya ji zafi."

Na buga wa ɗalibarki Nafisat waya, ta ce tana nesa, sai jibi za ta iso, a rufe kwalaben da ƙanƙara kar a bari ta narke. Wallahi, Bahijja, da kin ga abin da ya biyo baya! Kowa ya san kunu da tuwo ake kaiwa gidan makoki. Naki, ƙanƙara aka riƙa kaiwa. Sarkin fawa Yakubu ya aiko da kulolinsa. 'Yan acaɓa suka dinga zarya Kazaure, buhu na ɗiga a bayansu. Wata tsohuwa daga Yankwashi ta zo ta'aziyya da ƙanƙara ƙulle a gefen mayafi, rabi ta zama ruwa, Goggo ta karɓa hannu biyu ta sa mata albarka. Ni kaina, da babbar rigata, na goyo buhu a babur, ruwan sanyi yana bin bayana, ina kuka ina dariya.

Nafisat ta iso, ta kwashe kwalaben. Makon jiya ta kira ni, ta ce: "Malam, ba su lalace ba! Naɗin yana nan, daidai inda ta ce!" Na yi kabbara a tsakiyar kasuwa har mutane suka waiwayo. Da na kai wa Goggo labari, ta ce, "To, yanzu na yarda ta huta."

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki fiye da yadda muka sanyaya kwalabenki, Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa iske ki. Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo Tasalla, da mijinki Malam Musaddiƙ, da 'ya'yanki, da ɗalibanki, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Wasan ƙarshe ke kika ci, Dakta Tumbi: kin sa ni dakon ƙanƙara a gaban jama'a, kin tafi ban rama ba.