Jan Tike Biyu a Hannun Ladi

Wata safiyar Asabar a kakar shekarar 1962, ina da shekara goma ko kusa da haka, na tsaya a bakin filin lakwal, wato makarantar boko, na Dakoro baki buɗe, ina kallon abin da ban san sunansa ba. Kamar ƙafar keke yake, amma na katako, an tsayar da shi tsakanin gumagumai biyu, tsawonsa ya kusa kai gawo. An rataya masa akwatuna, kowane da yara a ciki. Wasu ƙarti biyu ba riga suna kamawa suna dannawa, sai akwatin ƙasa ya yi sama, na sama ya sauko, yaran suna ihu kamar ana yanka su, amma da an tsaya sai su ce a ƙara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda akwatin ke kaiwa ƙololuwa bai kife ba. Na san tulu, na san guga. Duk abin da aka juya, na cikinsa zubewa yake yi. To me ya hana waɗannan yara zubowa? Kuma in mutum ya kai can, me yake gani?

Mu ba 'yan gari ba ne. Ƙauyenmu yana wajen Mai Yara, kuma a shekarar gero ya yi kyau. Tun da aka fara girbi ba mu huta ba. Ni da ƙanena Sani muna jan damma zuwa bakin rumbu, muna tsinkar gyaɗa, muna ɗaure harawa a ɗora bisa itace don kada awaki su kai gare ta, da la'asar in kora jakuna rijiya. Wasanmu duk aikin hannunmu ne: mu fere kara mu yi babbar motar kaya, kamiyo, mai ƙafafun sakaina, mu yi langa a dandali har wani ya goge gwiwa, ƙanwarmu Ladi kuma, 'yar shekara huɗu, tana yawo goye da zangarniya wai ɗiyarta ce. Labarin wannan abin, da daga baya na ji ana kira lilo, ya iso mana ta bakin masu dawowa daga kasuwa, wai wani mutumin Kudu ya sauka a Dakoro da kayan wasa, zai yi 'yan kwanaki ya wuce. Baba, wanda yake noma da damina, da rani ya sayi hatsi ya sayar, ya ce in an rufe rumbu za mu je gidan ƙanwarsa Gwaggo Hajo mu kwana biyu mu huta. Bai ce za a je kallo ba. Amma Baba ba ya ɗora mace da yara bisa jaki don gaisuwa kawai.

Sai dai ina da matsalar da ƙannena ba su da ita, domin ni ne ɗan fari. Wanda bai tashi a wancan zamani ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce. Baba da Inna ba sa kama sunana, ba sa tambayata abin da nake so, ba sa miƙa mini abu mai daɗi a gaban mutane. In za a kira ni sai a ce "kai yaro", in ana zancena a ce "wancan". Idan Baba ya dawo kasuwa da ƙuli-ƙuli, Ladi yake ba, ita ta raba. Duk wani gata nawa ta hannun kaka ko gwaggo yake zuwa. Kakata ta rasu a bara waccan, Gwaggo Hajo kuwa, wadda na dogara da ita, ta taka ƙaya ƙafarta ta kumbura, ranar ba ta iya fita ba. Da za mu bar gidan ta kama sunana ta ce wa Baba, "Yaya, Mamman ma yaro ne hwa." Ya yi kamar da zakaran gidan take. Na fito na san cewa ba mai tsaya mini, kuma ni ba ni da bakin roƙo. In Baba bai samo hanya ba, zan koma ƙauye ban hau ba, mai lilo kuma ya naɗe kayansa.

A bakin filin an ajiye tebur, mai lilon yana zaune da hular ciyawa da ɗaurin takardu kala uku. 'Yan lakwal masu gajeren wando ne suka yi mana bayani, suna hura hanci don sun ga 'yan ƙauye. Sunan takardar tike. Koren na dawakan katako ne masu zagayawa a ƙasa, ana kaɗa musu ganga. Farin na akwatin kallo ne, inda mutum ke sa ido a wata 'yar kafa ya ga jirgin ƙasa da teku da Makka. Jan kuwa, wanda ya fi tsada, na lilon sama ne. Ni dai abin ya ba ni mamaki, a ce mutum ya ba da kuɗi a ba shi takarda, ya taka kaɗan ya mayar da takardar, a yaga ta a gabansa, ya tafi hannu wofi yana murna.

Baba bai nufi teburin ba. Bai taɓa sayen abu da isowarsa kasuwa ba, yakan ce, "Ido ya fara ciniki, hannu ya biyo baya." Ya goya hannu, muka bi shi muna zagaye filin kamar masu neman ɓataccen rago. Ya ƙwanƙwasa gumagumai ya ji ko gara ta ci su. Ya duƙa ya duba ƙusoshin da suka riƙe akwatunan, a nan ni ma na leƙa ta bayansa na gano asirin: kowane akwati a jikin sandar ƙarfe yake reto, ƙafar tana juyawa, shi nauyinsa yana riƙe shi a zaune. Ya tsaya wajen dawakai har ya gane cewa tsawon hawan ya danganta da ƙarfin makaɗin, in ya gaji waƙar gajera ce. Ya ga an koro wani ƙaramin yaro daga lilon sama, an ce ƙanana ba sa hawa sai da babba a gefensu. Inda ya fi daɗewa shi ne wajen akwatin kallo. Wani tsoho ya ɗago kai daga kafar yana share ido yana salati, Baba ya tambaye shi ko da gaske ana ganin Ɗakin Allah. Tsohon ya ce har da mutane suna kewaye shi. Na ga Baba ya taɓa aljihu. Na kuma san abin da ya ware don wannan fita ba ya ƙaruwa, ko sama za ta faɗo.

Da muka isa teburin ya juya ga Sani. "Kai, mi kake so?"

Sani, wanda ko bisa jaki sai ya rufe ido, ya ce doki. Aka yanko kore. Ladi ma ta nuna wani doki mai jan geza. Ni ina baya riƙe da takalmanta, ina kallon ƙasa.

Baba ya dubi mai lilon. "In na sayi uku, ba gyara?"

Nan na gane na ukun nasa ne na akwatin kallo, gyaran kuwa ni ne. Mutumin ya yi dariya, ya amsa da Hausarsa mai tsalle. "Baba, tike ba gero ba ne. Ko kwamandan gari ya zo, ɗaya ɗaya ne."

"Kasuwar da ba gyara ai ba ta daɗewa."

"Shi ya sa jibi zan tashi."

Mutane suka yi dariya, Baba ma ya murmusa. Ya waiwayi akwatin kallo. Sannan ya tsuguna gaban Ladi.

"Ke uwata, doki kuma? Ba jiya kika wuni bisa jaki ba? Ga sama can, inda shaho ke zama."

Ladi ba ta san tsoro ba, amma ta san ciniki, jinin gidan ne. Ta ce sai in da alewa. Ya ce da alewa. Ya miƙe ya ce wa mutumin, da murya kamar wanda aka ɗora wa asara, "To ka ji, ta nace. Kuma kun ce ba ta hawa ita ɗaya. Kawo ja biyu, wani ya riƙe ta." Ya damƙa duka biyun a hannun Ladi, ya juya baya yana duban wasu raƙuman Buzaye da ke wucewa, kamar bai taɓa ganin raƙumi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ladi ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Ungo, wani."

Da akwatin ya tashi sai na ji hanjina ya tsaya a ƙasa ni na tafi. Na ƙanƙame Ladi, ko da yake gaskiya ita ce ta riƙe ni. A zagaye na farko ban ga komai ba. A na biyu na buɗe ido. Dakoro duk ta kwanta a gabana kamar an shanya tsaba: rumbuna kamar tukwane a kife, mata a tsakar gidajensu suna daka, sai in ga taɓarya ta sauka kafin sautin ya iso, shanu sun yi da'ira a bakin rijiya, hanyar Maraɗi ta miƙe fara har ta shige cikin sabara. Na nemi ƙauyenmu ban gan shi ba, ranar na fara zargin cewa duniya ta fi yadda ake faɗi. Can sai ƙartin suka tsaya shan ruwa, suka bar mu a ƙololuwa muna reto. Na leƙa ƙasa. Cikin taron nan duka na hango Baba, ɗan ƙarami kamar kowa, ya bar kallon raƙuma. Ya kare rana da tafin hannu, bakinsa a buɗe, kuma ba Ladi yake kallo ba. Muka haɗa ido. Nan take ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Da muka sauko Sani yana kuka don dokinsa ya tsaya kafin ya ƙoshi, Ladi tana bin bashin alewarta. Muka wuce akwatin kallo Baba bai ko juya ba. Inna ta ce masa a hankali, "Kai ba ka leƙa ba?" Ya ce, "Makka tana nan inda take, ba jibi za ta tashi ba." A gida Gwaggo Hajo ta sa na ba ta labarin komai da ƙarfi, tana tambaya tana ƙarawa, Baba kuma yana bakin ƙofa yana yanke farce, bai tashi ba sai da na gama.

Na yi shekaru ina saye da sayarwa tsakanin Dakoro da Maraɗi da Najeriya, na ga masu wayo iri-iri, amma ban ga wanda ya sayi abin da yake so ya kuma sa kasuwa ta ɗauka tilasta masa aka yi kamar yadda Baba ya yi ranar ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce na bi babban ɗana da iyalinsa wani filin wasan yara a birni. Tun a mota ya gama zaɓe a waya: akwai tiken hawa ɗaya, akwai na wuni, akwai na iyali. Ya ɗauki na wuni, aka ɗaura wa kowane yaro zare a hannu ya hau abin da ya ga dama. Na ga ya ɗaga ɗansa na fari bisa wuya, yana kiran sunansa da ƙarfi, yana tambayarsa wanne zai fara hawa. Ban ce ya yi laifi ba, yaron bai tsaya a baya yana kallon ƙasa ba, kuma hakan alheri ne. Sai dai kafin mu kai gida sun manta abin da suka hau, ni kuwa na zauna a benci na kasa kiran ɗan nawa da sunansa in ce ya kawo mini ruwa, sai da na aiki jikata.

Su ana faɗa musu ana son su. Mu sai dai mu kama mutum yana yi.