Ruwan Bama a Gonar Citta

Jiya ruwa ya tare ni a hanyar Kwoi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da kawuna. Tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin Bama, can kusa da Indiya, lokacin yaƙin duniya na biyu. Da hadari ya haɗu sai ya ce, "Ku ba ku san ruwa ba, sai a Bama." Yara su yi dariya su watse.

Wata rana, bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, ruwa ya kore mu daga gonar citta zuwa bukka. Hayaƙin tabarsa ya cika wurin, ƙafafunmu duk laka.

Ya ce, "Ɗiyata, cikin irin wannan ruwan na binne abokina, ɗan ƙauyenmu. Ba fasto, ba dangi. Ni kaɗai na yi masa waƙa da yarenmu, Indiyawa suna kallona."

Na ce, "Kawu, har yanzu abin yana damunka?"

"Duk waɗanda muka tafi tare sun ƙare. In na ba da labari, babu mai ce mini, 'Haka aka yi.'"

Muka zauna a bukkar har ruwan ya ɗauke. Citta ta gaba ba da shi aka shuka ta ba.

Ubangiji ya sada shi da abokan tafiyarsa, ya samu masu gaskata shi.