Wayar Goggo a Cikin Buhun Gashi

Kai in aka ce maka gobe masu bincike za su zo wajenka kan maganar tsaro, me za ka fara ɓoyewa?

Goggona waya ta ɓoye. Ƙanwar babana ce, mai kitso, shekara ashirin da wani abu tana yi a ɗan shagonta na ƙarƙashin bene, benci ɗaya, madubi ɗaya da ya tsage ta gefe, sai buhun gashin ƙari a bayan ƙofa. Ba ta iya karatu ba, lambar mutum da hoto take gane ta, saƙo kuma sai na murya. Amma duk matar da ta sa kai tsakanin gwiwoyinta sai ta zazzage mata cikinta, kuma ba a taɓa jin maganar wata a bakin Goggo ba.

To akwai kwastomarta da muke ce wa Doguwa, mijinta dukanta yake ba tausayi, ranar da Goggo ke tsefe mata kai ta ga ɗinki a ƙeya ita ta nemo mata wajen gudu, gidan wata tsohuwar ƙawarta can nesa. Mijin ya zo shago sau biyu yana zage-zage wai ya san da hannunta kuma sai ya turo hukuma sun bincike ta. Kwatancen gidan kuwa kaf yana cikin wayar Goggo a saƙon murya.

Ana haka mai gidan da take haya ya leƙo ya ce gobe wasu za su zagaya shaguna bincike kan tsaro. Shi ke nan Goggo ta ce an zo.

Washegari ni ake yi wa kitso, an kai rabi, sai ga wata mata mai tabarau da littafi da ƙaramin rikoda ta yi sallama. Goggo ta amsa ba ta ko ɗago daga kaina ba. Matar ta tambaya ko za ta iya naɗar murya, Goggo ta ce to ina da ta cewa. Ta tambayi me ya fi ba ta tsoro a rana, ta ce ba komai. Tana da waya? Ta ce ta faɗa rijiya tun bara.

Sai buhun gashi ya fara ƙara.

Wayar ce a ciki, kiran ya katse ya sake shigowa. Goggo ta ajiye tsinken tsaga.

"Ki tafi da ni in za ki tafi da ni, amma ba zan faɗi inda take ba."

"Inda wa take, Anti?"

Matar ta kashe rikodan ta tura shi cikin jaka, ta ce su ba hukuma ba ne, masu gyara tsarin waya ne suka turo su su ji abin da ke damun mutane, tambayar ce ake kira bincike. Goggo ta ce to ku canza wa aikinku suna, kun kusa sa tsohuwa ta jiƙa zani.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Matar ta tambayi wa ke iya buɗe wayar. Goggo ta ce mijinta, shi ya sa mata lambar sirrin ma, direba ne, tasharsu ɗaya da mijin Doguwa, kwano ɗaya suke ci, kuma yau da la'asar zai dawo daga tafiya, in ya dawo wayarta yake ɗauka ya kalli ƙwallo. Matar ta ce a canza lambar mana.

"In na canza zai ce me nake ɓoyewa. Kullewar ce za ta tona ni. Ku ba ku da makullin da ba a gane makulli ne?"

Matar ta ce babu, ta daɗe tana rubutu. Sannan ta matso suka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, Goggo ta saurara ta haddace a goge, guda goma sha ɗaya. Hoton Doguwa aka cire aka sa hoton ƙunshin gashi, suna ya koma mai kawo gashi.

Matar ba ta jima da fita ba mijin Goggo ya shigo, ko zama bai yi ba ya miƙa hannu. Yana latsawa Goggo na kitsa min ƙeya tana ja kamar za ta cire fatar. Ya ce mai kawo gashin nan kira har bakwai lafiya? Ta ce kaya take son in ɗauka dole, ni kuma ban ga mai kyau ba. Ya yi tsaki ya kunna ƙwallonsa.

Har yau mijin Doguwa bai gano inda take ba, yanzu ma ta ƙara gaba. Don Allah ku tura wa wasu ko zai kai ga masu haɗa wayoyin nan, akwai mata da yawa da ba su isa su canza lamba ba.